Me ya sa injin mota ke karkarwa bayan an sauke shi an sake haɗawa?

Akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare tsakanin masu motoci da kanikawa. An sauke inji, an sa sabon ringi da metal, an goge kiranshaf, an mayar da komai. Hayaƙi ya ɗauke, shan baƙin mai ya tsaya, amma sai motar ta fito daga gareji da wata sabuwar cuta. Da an taka totur sai sitiyari ya kama rawa, madubi ya daina nuna abin da ke baya sosai, kujera na kaɗawa kamar an zauna kusa da injin markaɗe.

Amsar da mai mota ya fi samu ita ce injin sabo ne, a ba shi mako biyu zai zauna. Idan bai zauna ba, sai a ɗora laifin a kan robobin da inji ke zaune a kansu, waɗanda kanikawa ke kira injin sit. Daga nan a koma kan filogi, sai kwayil, sai nozul. Kuɗi na ta fita, karkarwa na nan daram.

A lokuta da dama matsalar ba ta cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana cikin nauyi. Sassan da ke motsi a cikin inji an tsara su ne a matsayin tawaga guda, kowanne da nauyin da ya dace da na ɗan'uwansa. Idan aka ɗauko fistin daga wannan inji, fulawil daga wancan, aka yi haɗin gambiza, notuna za su iya ɗauruwa lafiya lau amma nauyin ya rinjaya gefe guda.

Batun ya ƙara muhimmanci tun bayan da darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, abin da ya sa kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Mutumin da a da zai sayi cikakken inji ɗan Beljiyam ya ɗora, yanzu lissafi kan tura shi ga sake haɗa nasa. Sai a bi kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, ana tsinto sassa ɗaya bayan ɗaya, wasu sababbi, wasu na gwanjo, daga motocin da aka ƙera wa ƙasashe daban-daban a shekaru daban-daban.

Yadda giram 30 ke komawa kilo 120

Duk wanda ya taɓa ganin fankar sama da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe ya san yadda abin yake. A lamba ɗaya tana juyawa ba hayaniya, amma da an kai ta lamba biyar sai ta kama lilo kamar za ta tsinko. Nauyin da ya rinjaya bai ƙaru ba, gudun ne ya ƙara masa ƙarfi.

Ƙa'idar kimiyyar ita ce ƙarfin da nauyi mai juyawa ke fizga da shi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudun juyawar ya ninka sau biyu.

A ɗauki misalin fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji, wanda kik ke kama haƙoransa idan za a tayar da mota. A ce gefe ɗaya ya fi ɗayan da giram 30 kacal, kwatankwacin dunƙulen magi bakwai ko takwas, a tazarar santimita 10 daga tsakiya.

Idan mota na tsaye inji na aiki a silo, yana juyawa kamar sau 800 a minti, fizgar kusan ta kilo 2 ce, kuma da wuya direba ya ji ta. A juyi 3,000 a minti, irin gudun da ake yi a babbar hanya, fizgar ta kai ta kilo 30. A juyi 6,000 kuwa ta kai kusan kilo 120.

Kuma ba wuri ɗaya take ja ba. Tana zagayawa ne tare da fulawil ɗin: sama, gefe, ƙasa, ɗaya gefen. A juyi 3,000 a minti, hakan na faruwa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan dukan ne direba ke ji a sitiyari, kuma metal ɗin da kiranshaf ke kwance a kai shi ke fara shan sa.

Wannan ne ma ya sa maganar "zai zauna" ba ta aiki a nan. Gaskiya ne sabon ringi na buƙatar ɗan lokaci kafin ya zauna a jikin silinda. Amma ƙarfen da ya fi ɗan'uwansa nauyi yau, haka zai kasance bayan tafiyar kilomita dubu goma.

Daidaiton ciki da na waje

Kiranshaf sandar ƙarfe ce mai gwiwoyi, ita ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyawa. A kishiyar kowace gwiwa akwai kunnuwan ƙarfe masu kauri, waɗanda aikinsu shi ne rama nauyin gwiwar da abin da ke rataye a kanta, kamar yadda ake daidaita mangalar jaki.

A mafi yawan injuna waɗannan kunnuwa sun wadatar. Fulawil na baya da fulin da ke gaba kowanne daidai yake a karan kansa, ba ya rinjaya ko'ina. Wannan shi ne daidaiton ciki.

Amma a wasu injunan babu isasshen fili a cikin bulok da za a yi kunnuwa masu girman da ake buƙata. Sai masu ƙira su cike gibin daga waje: su bar wani tudun ƙarfe a gefe ɗaya na fulawil da na fuli da gangan. Idan aka ɗauki irin wannan fulawil shi kaɗai, karkatacce ne. Sai an ɗaura shi a kan kiranshaf ɗinsa sannan lissafin ke cika.

Misalin da ya fi shahara a wannan fanni daga Amurka yake. Kamfanin Ford ya shafe shekaru yana ƙera injinsa mai silinda takwas da ake kira 302, mai lita 5, da fulawil mai rinjayen oza 28 a tazarar inci ɗaya daga tsakiya. A farkon shekarun 1980 sai ya sauya kiranshaf ɗin zuwa mara nauyi, rinjayen da ake buƙata a waje ya koma oza 50. Ramukan notunan kuwa ba su sauya ba. Tsohon fulawil na hawa sabon inji, sabo na hawa tsoho, ba tare da wata gardama ba.

Bambancin da ke tsakanin biyun ya yi daidai da kusan giram 160 a tazarar santimita 10. A juyi 3,000 a minti, fizga ce ta kusan kilo 160, wato sama da buhun siminti uku, tana zagaya bayan inji sau 50 a daƙiƙa. Har yau masu gyaran tsofaffin motocin Mustang na faɗawa wannan rami.

Haka labarin yake a Chevrolet. Tsohon injinsa na 350 daidaiton ciki gare shi, amma ɗan'uwansa na 400 da aka fara ƙerawa a 1970 na waje ne. A ido kusan iri ɗaya suke, kuma fulawil ɗin wannan na ɗauruwa a jikin wancan. Masu son ƙarin ƙarfi kan ɗauki kiranshaf ɗin 400 su sa a bulok ɗin 350 su samar da injin da suke kira 383. Duk wanda ya yi haka ya bar fuli da fulawil na 350 a jiki, ya sayi karkarwa da kuɗinsa.

Dabarar ba ta tsaya a tsofaffin motoci ba. Ƙaramin injin Ford mai silinda uku da lita 1, EcoBoost, da ya fito a 2012, shi ma da gangan aka karkatar da nauyin fulinsa da fulawil ɗinsa domin rage rawar da injin silinda uku ke da ita.

Waɗannan injuna ba su da yawa a titunan Arewa, amma darasinsu ya shafi kowane gareji: shigar noti ba hujja ba ce cewa kayan na injin ne. Kama da wane ba ta wane.

Sandunan da ake mantawa da su

Motocin da suka fi yawa a Najeriya da Nijar masu silinda huɗu ne a jere. A irin wannan inji fistin biyu na hawa, biyu na sauka, don haka a ido sai a ce sun rama wa juna. Ba su rama gaba ɗaya ba. Saboda yadda konrod, wato hannun da ke haɗa fistin da kiranshaf, ke karkacewa a yayin aiki, fistin ya fi sauri a rabin tafiyarsa na sama fiye da rabin na ƙasa. Abin da ya rage sai ya zama wata jijjiga mai bugawa sau biyu a kowane juyi.

Injin silinda shida a jere ba shi da wannan matsala, shi ya sa ya yi suna wajen laushi. A ƙananan injunan silinda huɗu, irin na Corolla mai lita 1.8, jijjigar ba ta da yawa, robobin mazauni na shanye ta. Amma da inji ya kai lita 2 zuwa sama, sai ta fara damun mutum.

Maganin da injiniyan Birtaniya Frederick Lanchester ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, wanda kamfanin Mitsubishi ya farfaɗo da shi a tsakiyar shekarun 1970, shi ne sanduna biyu masu nauyi a gefe ɗaya, da kanikawa ke kira balans shaf. Suna juyawa da ninkin gudun kiranshaf, ɗaya dama ɗaya hagu, suna samar da tasu jijjigar da ke kashe ta injin.

Irin waɗannan sanduna na cikin injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry da RAV4 da Highlander, inda haƙoran da ke jikin kiranshaf ke juya su. Suna cikin injin K24 na Honda Accord ƙirar 2003 da ake yi wa laƙabi da EOD, a haɗe da famfon baƙin mai. A Accord na shekarun 1990 zuwa 2002 mai silinda huɗu kuwa, wani ƙaramin bel ne na daban, kusa da bel ɗin taimin, ke juya su.

Sandunan na da nasu taimin, da alamomin da dole su haɗu. A waɗancan tsofaffin Accord, littafin gyaran kamfanin ya tanadi a zura ƙarfe mai kaurin milimita 6 ta wani rami da ke jikin bulok a riƙe sandar baya a mazauninta kafin a ɗora bel. Idan aka tsallake wannan mataki, inji zai tashi, zai ja, babu fitilar da za ta kama a dashbod. Amma idan sandunan suka juye gaba ɗaya, maimakon su kashe jijjigar sai su ninka ta.

Wannan na cikin abubuwan da ya kamata a fara zargi idan irin waɗannan motoci suka kama karkarwa daga sauke inji ko ma daga canjin bel kawai. Wasu kanikawa kan cire sandunan baki ɗaya don gudun wahala. Injin zai yi aiki, sai dai jijjigarsa ta asali za ta dawo, kuma idan aka bar ramukan mai da ke shayar da sandunan a buɗe, ƙarfin baƙin mai na iya raguwa a sauran sassa.

Sauran ƙofofin da rinjaye ke shigowa

Ta farko ita ce fistin. Ɗaya ya ƙone, kuɗin cikakken saiti babu, sai a sayo guda ɗaya daga wani kamfani ko daga wani injin da aka farfasa. Faɗinsa daidai, amma nauyinsa daban. A injin Camry mai lita 2.4, inda fistin ke tafiyar milimita 96 daga sama zuwa ƙasa, bambancin giram 20 na haifar da fizgar kusan kilo 10 a juyi 3,000. Bai kai ɓarnar fulawil ba, amma idan aka haɗa da konrod ɗin da shi ma baƙo ne, lissafin na hauhawa.

Konrod na da wata matsalar ta daban. Kowanne an gyara raminsa ne tare da murfinsa, don haka murfin na ɗaya ba ya zama a na uku ko da ya shiga. A injunan zamani da yawa ma, karya murfin ake yi daga jikin konrod ɗin a masana'anta, ta yadda babu wani murfi a duniya da zai dace da wannan karayar sai nasa. Idan aka zube su a kwano ɗaya wajen wanki ba tare da alama ba, metal ne zai biya bashin.

Ta uku ita ce fulin gaban inji. A motoci da yawa ba ƙarfe ne zalla ba. Ƙarafa biyu ne, na ciki da na waje, da roba a tsakaninsu, wadda ke shanye murɗewar da kiranshaf ke yi duk lokacin da silinda ta yi wuta. Zafi da mai na cinye robar, zoben waje ya zame ko ya karkace. Yi masa walda ya zama dunƙule ɗaya gyaran gangar Auzinawa ne: ya kashe aikin robar, kuma dalmar waldar kanta nauyi ce da ba ta zauna daidai ba.

Haka abin yake ga fulawil mai hawa biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙerawa da yawa a 1985, kuma ake samu a motocin Turai masu giyar hannu, musamman masu shan gas. Sifirin ne a tsakanin ɓangarorinsa biyu. Yana da tsada, shi ya sa idan ya saki ake jarabtuwa da yi masa walda.

Sai kuma kiranshaf kansa. Idan aka kai shi guga aka rage milimita 0.25 ko 0.50, abin da kanikawa ke kira ten da twenti, ba a taɓa daidaitonsa sosai matuƙar an ɗora shi a tsakiya. Amma wanda ya lanƙwashe, ko aka cike shi da walda, ko aka goge shi a karkace, ya tashi daga yadda masana'anta ta bar shi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake rainawa: datti ko tsatsa tsakanin fulawil da bakin kiranshaf, noti ɗaya dogo a cikin gajeru, ƙusar da ke tsayar da farantin kuloci a tsakiya ta ɓace, ko a mota otomatik a ɗaura konbata a karkace.

Yadda ake gano bakin zaren

Kafin a sake kwance inji, akwai gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi, kuma bin su daki-daki ya fi sayen kaya a kan zato.

Na farko, a tsayar da mota, a sa ta a furi, a riƙa ƙara totur a hankali. Idan babu karkarwa sai mota na tafiya, to a bar inji ya huta, a duba taya da wili da shaf. Idan kuwa tana nan mota na tsaye, kuma tana bin hawan totur, daga inji take ko abin da ke manne da shi.

Na biyu, a tabbatar duk silindodi na wuta. Injin da silindarsa ɗaya ba ta aiki ya fi rawa a silo, sautin salansa na tsinkewa, ƙarfi na raguwa, kuma galibi fitilar inji na kamawa. Na'urar kwamfuta da gwajin kwamfureshan na warware wannan. Rashin daidaiton nauyi akasin haka yake: a silo shiru, inji na da ƙarfinsa, amma jijjigar na ƙaruwa da gudu, wani lokaci ta yi tsanani a wani mataki na totur inda jikin motar ke amsa ta.

Na uku, a duba mazaunin inji da salansa. Robar da ta tsage, ko bututun salansa da ke taɓa jikin mota, na shigo da jijjigar da a da ba a ji. Wasu motocin mazauninsu mai ruwa ne a ciki, kuma idan aka musanya shi da na roba mai tauri, ko lafiyayyen inji sai an ji shi a sitiyari.

Na huɗu, a cire fanbel a tayar da inji na ɗan gajeren lokaci, ba tare da barin sa ya yi zafi ba. Idan karkarwar ta ɗauke, laifin na altaneta ne, ko kwamfuresan esi, ko famfon ruwa. A wannan lokacin ne kuma ake kallon fuli a ga ko yana lilo.

Na biyar, a mota mai giyar hannu a taka kuloci a ga ko jijjigar ta sauya. A otomatik, inda tsarin motar ya ba da dama, akan kwance konbata a tura shi baya a tayar da inji shi kaɗai. Idan ya yi laushi, an gano wurin.

Inda ake da na'urar auna jijjiga, ita kan faɗi ainihin abin ta yawan bugun. Rinjayen fulawil ko fuli na bugawa sau ɗaya a kowane juyi. Kuskuren balans shaf na bugawa sau biyu. Silinda ɗaya da ba ta wuta kuwa sau ɗaya take bugawa a juyi biyu.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake sauke giyabos a kwatanta fulawil da na asali gefe da gefe: lambar da ke jikinsa, yawan haƙoransa, ramukan da aka huda a bakinsa, da ko akwai tudun nauyi a bayansa.

Gyaran da ke ɗorewa

Idan kayan baƙo ne, maganin shi ne a nemo na injin, da lambar injin a hannu, ba sunan mota kawai ba. Mota ɗaya ƙirar shekara ɗaya na iya zuwa da injuna daban-daban gwargwadon ƙasar da aka ƙera mata ita.

Idan kuwa sai an buɗe ciki, kayan aiki mafi muhimmanci shi ne sikelin dijital mai ɗaukar kilo 1 ko 2, mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Ana auna kowane fistin tare da fin ɗinsa, a rubuta, a ɗauki mafi sauƙin nauyi a matsayin ma'auni. Sauran ana rage su ne kaɗan-kaɗan daga wurin da ke da kauri a ƙarƙashin mazaunin fin, ba daga saman fistin ko siket ɗinsa ba. Masu haɗa injunan tsere kan nemi kada bambancin ya wuce giram 1. Motar gida ba ta buƙatar wannan tsanani, amma idan tazarar ta kai giram goma-goma, sayen cikakken saiti ya fi guga.

Konrod kuwa ba a auna shi dunƙule kawai. Babban kansa juyawa yake yi tare da kiranshaf, ƙaramin kan kuma hawa da sauka yake yi tare da fistin, don haka kowane kai ana auna shi daban, ɗayan na rataye. Biyu na iya zuwa nauyi ɗaya a jimla amma rabon nauyin ya bambanta. Wasu dabarun ba sa buƙatar cire komai: a haɗa fistin mafi nauyi da konrod mai ƙaramin kai mafi sauƙi.

Kiranshaf da fulawil da fuli sai injin balansin, mai kama da na taya a ƙa'idarsa. Yana juya su a gudun ɗaruruwan juyi a minti, ya nuna inda nauyi ya yi yawa da adadinsa, a huda a rage. Inda ake buƙatar ƙari, akan cusa wani ƙarfe mai sinadarin tangistan, wanda ya ninka ƙarfen yau da kullum nauyi fiye da sau biyu.

A injin silinda huɗu ko shida a jere, ana iya juya kiranshaf shi kaɗai. A injin da silindodinsa ke tsaye kamar harafin V, sai an ɗaura wa kowace gwiwa nauyin da ke wakiltar abin da za ta ɗauka. A injin V8 lissafin da aka saba shi ne duk nauyin da ke juyawa da rabin wanda ke hawa da sauka. Shi ya sa mai injin balansin ke neman a kawo masa fistin da konrod da ringi da metal gaba ɗaya, kuma idan daidaiton na waje ne, har da fuli da fulawil. Ba kowane shagon guga ke da wannan na'ura ba, don haka yana da kyau a tambaya tun kafin a kwance inji.

Abin da jinkiri ke jawowa

Sa sabon injin sit mai laushi na iya ɓoye karkarwar daga direba, amma bai cire ta daga cikin inji ba. Metal na ci gaba da shan duka har ya cinye a gefe ɗaya, ƙarfin baƙin mai ya ragu. Sil ɗin bayan inji ya fara yoyo. Notuna su riƙa kwancewa, maƙalan altaneta da na salansa su tsage. A otomatik, siririn farantin da ke riƙe konbata na iya tsagewa a kewayen notunansa. Ƙarshen abin shi ne inji ya buga ko kiranshaf ya karye, kuma ga direban haya hakan na nufin biyan kuɗin aiki sau biyu, ga kwanakin da mota za ta yi a gareji babu balas.

Akwai abubuwan da ke hannun mai mota. Ya nemi a sa alama a kan kowane fistin da konrod da murfinsa kafin a kwance, haka ma matsayin farantin kuloci a jikin fulawil. Ya hana a zubar da tsofaffin sassa har sai aiki ya kammala, domin da su ake kwatanta sababbi. Ya tafi kasuwa da lambar inji da tsohon kayan a hannu, ya kuma yi yarjejeniyar mayarwa da mai shago idan bai dace ba. Idan injin na da balans shaf, ya nemi a nuna masa alamomin sun haɗu kafin a rufe.

Ranar karɓar mota kuma, kafin a biya cikon kuɗin aiki, a bar inji ya ɗumama, a sa a furi, a ɗaga totur a hankali zuwa juyi 3,000, hannu ɗaya a kan sitiyari. Idan jijjigar na ƙaruwa tare da allurar, motar ba ta gama gyaruwa ba, kuma a gareji ya kamata ta kwana.